Boris ɗin fankarmu yana ta mutuwa: wace na'urar awon jijjiga za mu saya?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina aiki a sashen gyara na wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano. Muna da babbar fanka mai zuƙe ɓuntu da ƙura, fikafikanta takwas, injin lantarki mai kilowat 30 ne ke juya ta kai tsaye, gudunsa 2950 a minti. Boris ɗinta 'yan watanni kawai yake yi ya mutu. Na haɗa sensar jijjiga ADXL345 da ƙaramar kwamfutar Arduino, na manna ta a jikin injin da salatef, ina ɗibar awo sau 200 a sakan. A zanen da kwamfuta ta fitar na ga layi a 49, da wani dogo a wajen 7. Da na mayar da awon sau 250, sai na 7 ɗin ya ɓace, wani ya fito a 107. Yanzu manaja ya ce in kawo lissafin kuɗin na'ura ta gaske, wani ɗan kasuwa kuma ya nuna mini akwatin da ke ɗibar awo sau miliyan ɗaya a sakan. Shi zan saya? Kuma mene ne wannan layin da ke yawo?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyinka biyu ne amma gindinsu ɗaya. Kana son sanin ko yawan saurin akwati ne zai tona maka abin da ke kashe boris, kana kuma son sanin me ya sa layi yake canza wuri alhali fankar ba ta canza gudu ba. Zan fara da ta biyun, domin idan ta zauna maka, rabin ta farkon da kanka za ka amsa wa manaja.

Layin da ke yawo

Injin da ke juyi 2950 a minti, juyi 49 da ɗoriya yake yi a sakan ɗaya. Shi ne layin 49 Hz da ka gani (Hz na nufin sau nawa abu ke maimaituwa a sakan ɗaya), kuma ka lura bai gusa ba da ka canza saurin awo. Wannan na gaske ne. Sai mu zo kan fikafikai. A kowane juyi, fiffike takwas ke wucewa ta bakin bututun fankar, kowanne yana bugun iska sau ɗaya. Takwas sau 49.2 ya ba ka wajen 393 a sakan. Ga jijjiga mai bugu 393, kai kuma sau 200 kawai kake leƙawa. Na'urar da ke ɗibar awo sau 200 ba ta iya nuna abin da ya haura 100 daidai. Abin da ya haura ɗin kuwa ba ɓacewa yake yi ba, naɗowa yake yi ya sauko ƙasa ya zauna a wurin da ba nasa ba. Yi lissafin da kanka: ninki biyu na 200 shi ne 400, cire 393, saura 7. Da ka koma 250, ninkinsa biyu 500, cire 393, saura 107. Kenan layinka na 7 da na 107 abu ɗaya ne, bugun fikafikan fankarka ne ya shigo da kayan aro.

Kamar mutum ne da ba ya zuwa wani ƙauye sai ranar kasuwarsu. Duk zuwan da ya yi gaskiya ya gani, rumfuna cike, jama'a maƙil, amma idan ya koma ya ce garin kullum kasuwa ke ci, ya faɗi abin da ba haka ba ne. Laifin yana ga tazarar zuwansa.

Masana sun daɗe da sanin wannan. Harry Nyquist na Bell Labs a Amurka ya taɓo batun a 1928, Claude Shannon ya tabbatar da shi da lissafi a 1949: saurin ɗibar awo dole ya wuce ninki biyu na mafi saurin abin da ke cikin siginar. A aikace na'urorin awon jijjiga da 2.56 suke ninkawa, don su bar wa filta wurin aiki. Shi ya sa za ka riƙa ganin lambobi irin 2560, 25,600 da 51,200 a takardun kamfanoni, ba don ado aka zaɓe su ba.

Abin tsoron shi ne, da ba ka canza saurin ba, da ka yarda da 7 ɗin nan. Jijjiga mai ƙasa da gudun inji takan sa a zargi gindin siminti, ko iska mai rikicewa a bututu, ko wani abu da ya kwance, sai a fara fasa daɓe ana ƙara noti a banza. Kuma da zarar layin bogi ya shiga cikin fayil, babu manhajar da za ta iya bambanta shi da na gaske. Maganinsa tun kafin siginar ta zama lamba ake yin sa, da filta mai tare duk abin da ya fi rabin saurin awon. Wannan dabarar da ka yi, ta canza sauri ka ga wane layi ne zai motsa, ita ce gwajin da mu ma muke yi idan muka yi shakka. Ka riƙe ta.

Ita ADXL345 ɗinka tana da filtarta a ciki, wadda ke bin saurin da aka saita ta a kai. Abin da na fi zato shi ne ka saita ta tana fitar da awo da sauri sosai, watakila 1600 ko 3200, alhali Arduino sau 200 yake karanta ta, sauran suna zubewa. Takardar kamfanin Analog Devices, mai ƙera ta, ta ce da hanyar haɗa sensa da Arduino da ake kira I2C mai gudun 100 kHz, wadda Arduino ke farawa da ita, iyakarka awo 200 a sakan, da mai 400 kHz kuma 800. Idan kana son 3200 sai ka koma ɗaya hanyar haɗin, wato SPI. Akwai kuma matsalar tazara: idan shirinka yana karanta awo, ya tsaya ya tura wa kwamfuta, ya dawo ya sake karantawa, tsakanin awo da awo ba zai zama daidai ba, shi kuwa lissafin FFT da ke fitar maka da zanen ya ɗauka tazarar iri ɗaya ce.

Me kake son gani?

Kafin a yi maganar akwati, a fara sanin a wane zango ciwon yake magana. Rashin balansin fanka a daidai gudun inji yake fitowa, wato 49 Hz a wurinka. Rashin saitin shaf yakan ɗaga ninki biyu, wajen 98, ya kuma tura jijjigar ta bi tsawon shaf ɗin. Idan wani abu ya kwance, sai ka ga layuka sun jeru, 49, 98, 147, 197, har gaba. Matsalar wuta a cikin injin takan fito a 100 Hz, ninki biyu na 50 Hz ɗin wutar Najeriya da Nijar. Duk waɗannan ƙasa da 1000 Hz suke, kuma shi ne zangon da ƙa'idar ISO 20816-3, wadda ta gaji ISO 10816-3, ke aunawa: daga 10 zuwa 1000 Hz, a milimita cikin sakan. Ga inji mai kilowat 15 zuwa 300 da ke zaune a kan gindi mai ƙarfi, ƙasa da 1.4 halin sabon inji ne, har zuwa 2.8 ana iya aiki da shi ba fargaba, daga 2.8 zuwa 4.5 a fara shirin gyara, sama da 4.5 yana cin kansa. Idan a kan roba ko sifirin yake zaune, iyakokin sun koma 2.3, 4.5 da 7.1. Fankoki ma suna da tasu ƙa'idar, ISO 14694. Don wannan aikin awo 2560 a sakan ya isa.

Boris shi ne mai wuyar sha'ani. Idan 'yar tsaga ta fito a zoben waje, duk ƙwallon da ya bi ta kanta sai ya yi ɗan bugu. Yawan bugun ana ƙiyasta shi da sauƙi: yawan ƙwallaye sau gudun inji sau 0.4 ga zoben waje, sau 0.6 ga zoben ciki. A ce boris ɗinka ƙwallo tara gare shi, za ka nemi wajen 176 Hz da 265 Hz, ainihin lambar kuma kamfanin da ya ƙera shi ne ke bayarwa idan ka ba shi lambar boris ɗin. Sai dai a farkon ciwo, idan ka duba 176 ɗin ba za ka ga komai ba, jijjigar fankar ta danne shi. Bugun ƙanƙane ne kuma gajere, abin da yake yi shi ne kaɗa ƙarfen gidan boris ya yi ƙara a can sama, daga wajen 2000 har 10,000 Hz ko fiye. Can ake zuwa a kama shi. Manhaja ta tace wannan zangon na sama kaɗai, ta bi tashi da saukar ƙarar, sannan ta ƙirga sau nawa yake maimaituwa, sai 176 ya fito fili tun ana saura makonni ko watanni kunne ya ji shi. Tsofaffin makanikai da ke ɗora bakin sukundireba a gidan boris su kara ƙotar a kunne, wannan ƙarar ta sama suke saurare, kuma wanda ya ƙware a ciki ba abin rainawa ba ne. Bambancin kawai, kunnensa ba ya ajiye awon watan jiya.

Don ganin 10,000 Hz kana bukatar awo 25,600 a sakan, don 20,000 kuma 51,200. Nan bukatarka ta tsaya. Awo miliyan ɗaya a sakan na masu sauraren tsagewar ƙarfe ne a zangon da ya wuce 100,000 Hz, da masu gwajin fashewa, da masu bin diddigin kunnawa da kashewar taransisto a cikin inbata, na'urar sarrafa gudun inji. Masu gwada taransifoma da wutar da ke kwaikwayon tsawa, wadda ke kai ƙololuwa cikin maikirosakan 1.2, su miliyan ɗaya ma ya yi musu kaɗan ƙwarai. Fankar ɓuntu ba ta cikin wannan layin.

Sensa da yadda aka ɗaura ta

A nan ne aka fi yin asara, kuma a nan ne kuɗin ya fi ƙanƙanta. Sensar da masana'antu suka dogara da ita tana aiki da wani abu da 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano a Faransa a 1880: akwai duwatsu irin su kwaz da ke fitar da lantarki idan an matsa su. Ana ɗora ɗan nauyi a kan irin wannan dutse ko yumɓu na musamman, inji ya jijjiga, nauyin ya matsa shi, wuta ta fito gwargwadon jijjigar. Wutar 'yar mitsitsiya ce, doguwar waya kan cinye ta, shi ya sa aka koma saka ƙaramar amfilifaya a cikin sensar kanta. Wannan tsarin shi ake kira IEPE, kamfanin PCB Piezotronics na jihar New York kuma ICP yake kiran nasa. Waya ɗaya ce ke kai mata wuta ta kuma dawo da sigina. Akwatin yana ba ta milamfiya 2 zuwa 20, galibi 4, daga wuta mai bolt 18 zuwa 30. Wadda aka fi amfani da ita a kan injuna irin naka tana ba da milibolt 100 ga kowane g ɗaya (g ma'aunin ƙarfin jijjiga ne, daidai da ƙarfin jan ƙasa), tana auna har g 50, kuma tana jin daga ƙasa da 1 Hz har wajen 10,000.

Akwai wata kyauta da ke zuwa da wannan tsarin. Lafiyayyar sensa takan zauna a kan bolt 8 zuwa 12 ko ba ta jijjiga. Idan ka auna ka ga ta haura kusa da bolt 24, waya ta tsinke. Idan ta faɗo kusa da sifili, wayoyi sun haɗu, wataƙila ruwa ko ƙura mai laima ta shiga mahaɗar. Kafin kowane awo ina fara duba wannan lambar.

ADXL345 an yi ta ne don na'urorin hannu, ta san an karkatar da abu ko an jefar da shi. Ko an tura ta iyakar ƙarfinta, 1600 Hz ne ƙarshen jinta, wato za ta nuna maka rashin balansin, ba za ta kai inda boris ke fara kuka ba. Idan kana son ci gaba da haɗa naka, kamfanin nata yana da ADXL1002, mai auna g 50 da jin har wajen 11,000 Hz, amma sigina take fitarwa ba lamba ba, kuma Arduino Uno da awonsa na kusan 10,000 a sakan da matakansa 1024 ba zai iya da ita ba.

Salatef kuwa ka cire shi yau. Duk abin da ke tsakanin sensa da ƙarfe, idan yana da laushi, sifirin ne: zai ƙara wa wasu layuka tsawo ya haɗiye na sama gaba ɗaya. Mafi kyau a goge fenti, a daidaita wurin, a huda a yi zare, a ɗaure sensar da ƙusarta, da ɗigon giris a tsakani. Haka ne kawai za ka sami cikakken zangon da aka rubuta a takardarta. Idan ba a yarda a huda ba, a manna ɗan faifan ƙarfe da gam mai tauri a ɗaura ta a kai. Maganaɗisu yana da daɗin aiki ga mai zagaya injuna da yawa, amma daga wajen 2000 Hz ka fara shakkar abin da yake ba ka, musamman a kan fenti ko wuri mai lanƙwasa. Wadda ake dannawa da hannu ko 1000 da ƙyar take kaiwa. Wuri ma yana da muhimmanci: a kan gidan boris, kusa da inda nauyin shaf ya sauka, ba a kan murfin fankar sanyaya inji ba, wanda gwangwani ne mai rawar kansa. Ka ɗauki awo a kwance, a tsaye, da kuma ta tsawon shaf, ka yi wa wuraren alama da fenti don watan gaba a koma daidai nan. Kuma don Allah, ba a zuwa gaban shaf mai juyi 2950 da riga mai faɗin hannu ko waya tana lilo.

Akwatin da ɗan kasuwa ya nuna maka

Ka koma wurinsa da tambayoyi, kada ka tsaya kan lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Miliyan ɗayan nan na kowace ƙofa ne, wato kowane wurin da ake jona sensa, ko na dukkansu a haɗe? Akwatuna da yawa masu ƙofa 16 na'urar juya sigina zuwa lamba guda ɗaya gare su, tana zagaya ƙofofin bi da bi. Idan ka buɗe duka, kowacce 62,500 za ta samu, kuma ba a lokaci ɗaya ake karanta su ba. Ga zafi ko matsin ruwa wannan ba komai. Ga jijjiga akwai damuwa, domin sanin ko ɓangarori biyu na inji tare suke tashi ko ɗaya na sama ɗaya na ƙasa shi ke raba rashin balansin da lanƙwasar shaf ko rashin saiti.

Sannan yana da filtar hana layin bogi a kowace ƙofa? Yawancin akwatunan nan na kowane aiki ba su da ita. Sai ka sayi mai tsada, matsalar 7 da 107 ta biyo ka, ta koma wani zango kawai. Yana ba da wutar IEPE da kansa? Idan ba ya bayarwa, kowace sensa sai an saya mata nata akwatin wuta. Bit nawa ne? Mai bit 16 yana raba zangonsa gida 65,536, mai 24 kuma sama da gida miliyan 16. Ba duka matakan ne ke da amfani ba, hayaniyar cikin na'urar kan cinye na ƙasa, amma tazarar ta isa ta sa ka ga ɗan bugun boris a gefen ƙaton layin 49 ba tare da ka yi ta canza saiti ba.

Don ka sami abin kwatance, NI 9234 na kamfanin National Instruments da ke Austin a jihar Texas, wanda Emerson ya saye a 2023, ƙofa huɗu gare shi, bit 24, awo 51,200 a sakan ga kowace ƙofa a lokaci ɗaya, da filta da wutar IEPE a ciki. Ba talla nake masa ba. Dewesoft na Sulobeniya, Kistler na Suwizalan, da HBK da ya haɗa Brüel & Kjær na Denmak da HBM na Jamus duk suna da masu irin wannan siffa, akwai kuma na Sin masu rahusa. Siffar ka rubuta wa manaja, duk wanda ya cika ta ya kawo farashinsa. Ka kuma tambayi manhaja tun kafin a biya: tare take zuwa, ko duk shekara za a riƙa biyan dala? Na ga akwati mai kyau yana shan ƙura a kabad saboda lasisin manhajarsa ya ƙare kuma babu wanda ya sa kuɗinsa a kasafi.

Yawan sauri ma yana da nauyinsa. Ƙofa huɗu a 51,200, kowane awo da bayit 4, ya kai gigabayit 70 a awa 24 idan aka bar shi yana ɗauka ba tsayawa. Ba ka bukatar haka. Sakan goma a kowane wuri, sau ɗaya a mako ko biyu, ya fi amfani, muddin ana ajiyewa ana kwatantawa.

Abin da ya fi sauri muhimmanci a wurinka shi ne tsawon awon. Ninki biyun gudun injinka 98.3 ne, layin wuta kuma 100. Tazararsu ba ta kai 2 Hz ba, ɗaya na nuna rashin saiti ɗaya na nuna matsalar wuta. Awon sakan ɗaya layuka masu tazarar 1 Hz yake bayarwa, sai su narke cikin juna. Awon sakan huɗu ya ba ka 0.25 Hz, su rabu sarai. Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko kobo: kana kallon zanen a kashe injin. Abin da wuta ke haddasawa nan take yake ɓacewa, na ƙarfe kuwa a hankali yake sauka tare da gudun fankar. Tunda kuma kuna sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, gudun injin ba zai tsaya wuri ɗaya ba, don haka ka haɗa da na'urar auna gudun juyi, takomita mai haske, da ɗan tef mai ƙyalli a kan shaf. Da ita za ka san ainihin gudun a kowane awo, da ita kuma ake yin balansin fanka a inda take ba tare da an sauke ta ba.

Hayaniyar wuta

A masana'antunmu wannan ya fi komai ɓata awo. An taɓa kirana wani kamfanin roba inda zanen ya cika da layuka a 50, 150 da 250 Hz, har an fara maganar sake naɗin injin. Na sa aka zare cajar kwamfutar daga bango ta koma kan batirinta, layukan suka kwanta. Jikin injin da soket ɗin ofis ba a wayar ƙasa ɗaya suke ba, wuta ta sami hanya ta cikin rigar wayar sensa tana zagayawa. Saboda haka ka nemi sensar da jikinta ke ware daga siginarta, ka yi amfani da waya mai riga, a haɗa rigar da ƙasa ta gefe ɗaya kawai, kuma kada ta kwanta a kwata ɗaya da wayoyin wuta. Idan dole su haɗu, su gitta juna su wuce. Inda akwai inbata mai sarrafa gudun inji abin ya fi muni, domin tana kunnawa da kashewa sau dubbai a sakan, daidai zangon da kake neman kukan boris. Bayan ka ɗaura sensa a kan inji mai zafi, ka ba ta ɗan lokaci ta zauna, in ba haka ba ƙasan zanen zai tashi kamar akwai babbar jijjiga a 1 ko 2 Hz alhali canjin zafi ne.

Abin da zan rubuta wa manaja

Da ni ne, zan nemi akwati mai ƙofa huɗu irin wanda na siffanta, sensa biyu masu milibolt 100 waɗanda ƙura da ruwa ba sa shiga, takomita, wayoyi har da na ajiya domin su ne ke fara lalacewa, da takardar gwajin kowace sensa daga kamfanin da ya yi ta. Idan kuɗin bai kai ba, ƙaramar mita ta hannu mai nuna milimita a sakan, da littafin da ake rubuta awon kowane mako, za su gaya maka lokacin da abu ya fara taɓarɓarewa, ko da ba su gaya maka mene ne ba. Akwai kuma sensa mai fitar da milamfiya 4 zuwa 20 da ake haɗawa da PLC, kwamfutar da ke sarrafa injinan kamfani, ta kaɗa ƙararrawa idan jijjiga ta wuce iyaka, tana da kyau ga fankar da idan ta tsaya duk kamfanin ya tsaya, amma lamba ɗaya tak take bayarwa.

Daga nesa ba zan yanke hukunci kan abin da ke kashe boris ɗinka ba, kuma awon jijjiga ma yana da iyaka: zai nuna maka boris ya fara ciwo, ba kullum yake faɗin dalili ba. Amma a fankar ɓuntu, abin da na fi tararwa shi ne ƙura da ke daskarewa a kan fikafikai, musamman da damina, wani ɓangare ya ɓantare ya faɗi, balansin ya tafi. Ka tsayar da ita, ka kankare fikafikan tas, ka sake awo ko da ADXL345 ɗin ce a ɗaure da kyau, ka ga ko layin 49 ya sauka. Bayan wannan sai giris: cika gidan boris taf yana sa shi zafi, haɗa iri biyu yana tsinka shi, buɗaɗɗen gwangwani a ɗakin da ɓuntu ke tashi kuwa yashi ake ɗura masa. Sai yadda ake saka shi. Boris da aka buga da guduma ta zoben waje ya ji ciwo tun bai fara juyi ba, ɗumama shi ake yi zuwa wajen digiri 110 ya shige da kansa. Sai jabu, wanda kwalinsa ya fi na gaske sheƙi.

Wanda zai mutu nan gaba kada a jefar da shi. Ka yanka zoben waje, ka wanke da kananzir, ka duba hanyar ƙwallayen a hasken rana. Ramuka masu tazara daidai da tazarar ƙwallaye aikin guduma ne, ko jijjigar wani inji yayin da wannan ke tsaye. Hanya mai dusashewa kamar an goge da sanfefa ƙura ce. Launin shuɗi ko ruwan ƙasa zafi ne. Sawun da ya karkata daga gefe zuwa gefe rashin saiti ne. Layuka ƙanana a jere a gicciye, masu tazara iri ɗaya, wuta ce ke bi ta cikin boris ɗin, kuma idan inbata ke tuƙa injin, sai a nemi boris mai rigar hana wuta ko zoben da ke sauke wutar shaf zuwa ƙasa. Ka ɗauki hotonsa ka ajiye tare da awon ƙarshe da ka yi kafin ya mutu, ka rubuta ranar da aka saka shi da irin giris ɗin da aka sa masa.